Masu Jan Mayafi a Nakkasa

Ku da kuke ɗora murya a kan bidiyo da jawwal, wato wayar hannu, yanzu, kuna ganin fassarar fim ba komai ba ce illa mutum ya iya surutu. Ranar nan a bakin baƙala, kantin unguwa, na ji ɗayanku yana cewa shi ko bai kalli fim ba zai fassara shi, tunda baki ne ke aiki. To, baki shi ne na ƙarshe a wannan sana'a. Kunne ne a gaba, sai ido, sai haƙurin zama.

Ni a Kano na koya, a wani gidan kallo a Fagge, wurin Malam Iro Tafinta. Lokacin ba a ɗora murya a kan faifai. Tsayawa yake a gefen talabijin, ana fim ɗin Indiya, yana faɗa wa 'yan kallo abin da ake cewa. Na daɗe ina juya kaset da share benci kafin ya bar ni in buɗe baki. Ranar da ya bar ni kuwa na yi ta zuba, har ina riga jarumar fara kuka. Da aka watse ya kira ni ya ce, "Habu, kai aka raba da masoyin ko ita? Bar ta ta yi kukanta, kai ka biyo ta a baya."

Umara ta kawo ni Makka, na zauna kamar yadda dubbai suka zauna. Na yi dako, na tura tsofaffi a keke, na sayar da ruwa a Muzdalifa lokacin aikin Hajji. Larabci a titi na tsince shi, karatunsa kuma a ƙasan talabijin, wurin rubutun da ke wucewa idan tashoshi suna nuna finafinan waje. Da na ga ina iya bin rubutun nan har ƙarshe, sai na koma wa sana'ata. Na kama ɗaki a kan dutsen Nakkasa, inda sai ka hau matakala har gwiwa ta yi ƙara kafin ka isa. Na liƙa kwalayen ƙwai a bango, na rataye barguna a ƙofa da taga. Kayan aikina tsohuwar kwamfuta ce, da makirufo da na sa wa safa saboda iskar baki, da abin kunne. Idan zan ɗauki murya dole in kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don ƙararsa tana shiga. Ku yi tunanin zafin Makka a ɗakin da aka toshe da bargo. Tawul nake ɗorawa a wuya, kuma da an fara kiran salla sai a dakata, don lasifikokin unguwa ba sa barin komai.

Masu sayena ba yaran da aka haifa a nan ba ne, su Larabci ya ishe su. Matan da ke wuni a gida ne, da direbobi, da masu aski, da tsofaffin da suka yi shekara da shekaru a garin nan amma har yau da Hausa suke mafarki. Babu gidan sinima, saboda haka a memori nake zuba musu, kowa ya kalla a jawwal ɗinsa ko ya jona a talabijin. Mai zuba mini a memorin shi ne Abu Yunus, wani Babarme mai gyaran waya a gindin matakalarmu. Kun san Nakkasa Barmawa ne suka fi yawa, Musulmin da aka koro daga ƙasarsu, can gabas da Indiya, tun tuni. Shi yana yaro aka zo da shi. Tsohuwarsa na tare da shi, yayarsa kuma tana can gida ba ta fito ba. Ni in fassara, shi ya kwafa ya sayar a shagonsa, mu raba. Kwamfutata in ta tsaya shi ne likitanta. Tare muke karyawa da ful da tamis, muna hira da Larabcinmu na titi, kowa da irin karkacewar harshensa.

Aikin da nake son in ba ku labari ya zo ne cikin tarin finafinan da wani mutumin Jidda yake kawo mini. Na buɗe ɗaya na ga mutane da aski ƙwal, sun yafa jan mayafi, ga duwatsu a bayansu. Na ce alhamdu lillahi, kasuwa ta buɗe, fim ɗin Cana ne na faɗa, irin wanda ake tashi sama ana karya bulo da hannu. Shi ya fi komai tafiya wurin samari. Na gyara zama ina jiran a fara duka. Shiru. Aka yi rabi ba wanda ya ɗaga wa wani yatsa. Fim ya ƙare ban ga naushi ko ɗaya ba, amma kuma ban iya tashi daga kujerar ba.

Labarin wani tsoho ne daga ƙasar Tibet, can saman duwatsu masu ƙanƙara. Malami ne a addininsu na Buddha. Da sojoji suka mamaye ƙasar, ya ƙetare dutse da ƙafa, shi da ƙanwarsa, suka faɗa Indiya. Aka ba su wuri a wani yanki mai zafi, inda bai taɓa jin irin wannan gumi ba. Ya fito da ɗan ƙullin irin sha'ir na gonar gidansu, kowace shekara sai ya shuka kaɗan a bayan ɗakinsa, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Ƙanwar ta rasu ta bar masa ɗa, wanda aka haifa a Indiya, yaren Indiya ya fi zama a bakinsa, in tsohon ya yi masa magana da yarensu sai ya amsa da na waje. Kullum tsohon yana zaunar da almajiransa yana koya musu cewa babu abin da ke dawwama, kuma riƙe abu da ƙarfi shi ne tushen wahala. Rannan saurayin ya same shi durƙushe a kan ƙonannen sha'ir ya ce masa, kai da kake cewa a saki komai, me ya sa ka kasa sakin ƙasar da ba za ka sake gani ba? Tsohon ya ɗago kai ya dube shi. Sannan ya ce, na koyar da wannan karatu tun kafin a haife ka, amma har yau ni ma ban sauke ba.

Da na zauna fassara, sai na ga duk dabarun da na sani ba su da amfani. A fim ɗin Indiya, inda aka yi shiru sai ka cusa barkwanci, ka sa wa mugu sunan wani mai kanti a unguwa, ka ce jarumi ya ci tuwo. Nan kuwa shirun ya fi maganar yawa. Na gwada cike shi, na saurara, sai na ji kamar mutum yana tauna ƙashi a wurin zaman makoki. Na goge. Sai kuma matsalar kalmomi. Mu mun saba sa wa kowa "wallahi" da "subhanallahi" a baki, ko da gunki yake yi wa sujada. Da na sa wa tsohon nan "Allah ya sa mu dace", sai na ji abin bai zauna ba. Shi ba haka ya faɗa ba. Kuma akwai wuraren da suke maganar mutum ya mutu a sake haihuwarsa, abin da mu ba mu yarda da shi ba, ga mu a Makka.

Na sauka unguwar Utaibiyya wurin Malam Nura, wani ɗan Zariya da ke karatun akida a jami'a, muna gaisawa saboda nakan gyara masa sautin karatuttukansa. Na nuna masa wuraren. Ya kalla a natse, ya tambaye ni abin da nake so in yi.

Na ce, "Malam, ko dai in mai da su Musulmi a baki, ko in mai da su abin dariya. Hanyoyin da na sani ke nan."

Ya ce, "Duka biyun ƙarya ne, Malam Habu. In ka musuluntar da shi da bakinka, ka ruɗe mai kallo, ya ɗauka wannan karatun namu ne. In ka yi masa ba'a, ka zalunce shi, mutumin bai yi maka komai ba. Ka faɗa tun farko su waye su, da abin da suke bi, ka ce ba addininmu ba ne. Sannan ka faɗi abin da ya faɗa. In ba za ka iya ba, ka bar fim ɗin, ba dole."

Haka na yi. Na buɗe da gajeren bayani, sannan na bi tsohon a baya. Inda rubutun Larabci ya ce rahama, na sa tausayi. Inda ya ce komai mai gushewa ne, na bar shi haka, ban jawo aya ba. Addu'o'insu ban fassara ba, na bar muryarsu tana tafiya ƙasa-ƙasa. Muryar tsohon ta fi ba ni wuya. Na saba yi wa tsofaffi muryar karkarwa don a yi dariya. Wannan sai da na sauke murya, na rage gudu, ina numfashi inda yake numfashi.

Samari suka dawo mini da shi suna cewa na cuce su, ba faɗa ba waƙa. Abu Yunus ya zuba shi cikin sauran ba tare da ya buɗe ba, don shi ba ya kallon kayan da yake kwafa. Na ɗauka aikin ya tafi a banza. Sai ga Hajiya Tabawa, mai waina a kan kwanar hawa dutse, ta aiko a kira ni. Ita mutuniyar Damagaram ce, tana amarya suka zo da mijinta, ya rasu a nan, ba ta taɓa komawa ba. Jikokinta in ta yi musu Hausa da Larabci suke amsawa.

Ta ce, "Habu, tsohon nan mai jan zane, kafiri ne ko?"

Na ce, "Ba Musulmi ba ne, Hajiya."

Ta juya waina ta ce, "Allah ya shirye shi. Amma wanda ya yi fim ɗin nan ya san mu. Ni gero na shuka a gwangwanin madara, a kan rufin can. Ya yi kai ɗaya tak, tsuntsaye suka cinye." Ta miƙo mini memori ta ce in sa wa ƙawayenta.

Daga nan fim ɗin ya shiga gidaje. Tsofaffi mata suka riƙa haɗuwa bayan la'asar suna kallo, suna gardama. Wata ta ce tsohon ya yi gaskiya, duniya ba wurin zama ba ce, ai mu ma haka aka koya mana. Wata ta ce to in haka ne me ya kai shi kuka a kan ciyawa. Mutumin Jidda ya ƙaro mini irinsa, na fassara wasu, akwai na wata yarinya mai sayar da rigunan sanyi a bakin titi a Indiya, akwai na wani da ya koma ƙasar a ɓoye ya tarar garinsu ya zama wani gari. Amma ba wanda ya kama mutane kamar na mai sha'ir.

Sai muguwar shekara ta zo, kuma ba ta zo ita kaɗai ba. Aka tsananta binciken iƙama, takardar izinin zama, masu sayena da yawa aka kwashe su, wasu suka daina fitowa ko baƙala. Aka fara zuwa da jan fenti ana rubuta "izala" a bangon gidajen da za a rushe, daga ƙasan dutse ana hawowa. A cikin wannan hali labari ya fara zuwa daga ƙasar Barmawa cewa ana ƙona ƙauyukan Musulmi. Hotuna suka cika wayoyin unguwa. A wasu hotunan, cikin masu tunzura jama'a, akwai masu aski ƙwal da jan mayafi.

Wata safiya na sauko da sabon aiki, na tarar Abu Yunus yana gyaran wayar wata mata, fim ɗina na mai sha'ir yana tafiya a kanta. Ya juyo da ita ya nuna mini.

"Ya Habu, wannan ni na kwafa?"

Na ce shi ya kwafa. Na fara yi masa bayani cewa waɗannan mutanen wata ƙasa ce daban, yarensu daban, su ma korarsu aka yi, ba su taɓa ganin ƙauyensu ba.

Ya ce, "Mayafin ɗaya ne."

Na ce, "Mayafin ne ɗaya, ya ahi, mutanen ba ɗaya ba ne."

Ya ce, "Kai ka san wannan, don ka zauna ka karanta. Uwata in ta gani a hannun maƙwabta me zan ce mata? Ba mu san inda yayata take ba. Wayarta ba ta shiga. Kai kuma ka ba su murya mai daɗi, mata suna yi musu kuka, da hannuna." Ya turo mini memorina a kan tebur ya ce, "Halas. Nemi wani."

Kafin sati ya zagayo magana ta bazu cewa wani Takari yana sayar da fim ɗin masu kashe Musulmi. Ni ba takarda gare ni ba. Mutum ɗaya ya isa ya nuna ƙofata, a gama da ni. Malam Nura ya hau dutsen da kansa ya zauna da wasu dattawan Barmawa bayan salla, ya faɗa musu abin da ke cikin fim ɗin da abin da ba ya ciki, ƙurar ta ɗan lafa. Ya ce mini a shari'a ban yi laifi ba, amma maƙwabci yana da haƙƙi, kuma ba a yi wa mai ciwo gardama a kan ciwonsa. Na janye finafinan Tibet duka daga kasuwa. Har yau ban ce na yi kuskure da na fassara su ba, kuma ban ce Abu Yunus ya yi kuskure ba. Waɗanda suka riga suka shiga wayoyin mutane kuwa, ba mai iya kiran su su dawo.

Watanni muna wuce juna da sallama kawai. Kwamfutata ta lalace, na kai wa wani a Utaibiyya ya ƙarasa ta, sai da na haɗa wata da kyar. Katafila tana ta cin gindin dutse, ƙura tana shigowa har cikin barguna.

Rannan da hantsi na ji ana buga ƙofa. Abu Yunus ne, yana haki saboda matakala, waya a hannunsa. Yayarsa ta ɓulla. Ta ƙetare kogi ta isa sansanin gudun hijira, wani ya ɗauke ta a bidiyo ya turo. Mijinta da babban ɗanta ba su ƙetare ba.

Ya ce, "Mutanenka suna ganin hotuna amma ba su san me muke cewa ba. Ka sa mata Hausa."

Na kashe mukayyif muka zauna. Tana zaune a bakin wata rumfar leda, tana magana ba ta kallon mai ɗauka. Shi yana juya mini zuwa Larabci jimla bayan jimla, ni ina juyawa zuwa Hausa. Wani wurin sai ya kasa, mu tsaya, ya sha ruwa. Ta faɗi sunan ƙauyensu, da yadda suka kwana cikin gonar shinkafa, da inda ta waiwaya ba ta ga yaron ba. Ban siranta murya ba kamar yadda nake yi wa mata a fim, da muryata na yi. A ƙarshe ta ce a gaya wa innarta tana raye, kada ta yi ta jira a bakin waya.

Da muka gama yana naɗe wayar caji, bai dube ni ba ya ce, "Tsohon nan naka mai shuka. Ya koma ƙasarsu?"

Na ce, "Bai koma ba. A Indiya ya mutu."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ni dai ba zan kwafa shi ba." Na ce na sani. Ya ce in kawo sauran aikin gobe, na Indiya da na faɗa.

Bidiyon yayarsa kyauta muka raba shi. Kwana kaɗan bayan haka Hajiya Tabawa ta sa aka kira ni, na tarar ta tara mata sun kai goma, kowace da kwano a lulluɓe. Shekara da shekaru suna zaune dutse ɗaya da Barmawa, iyakarsu gaisuwa a hanya, ba wadda ta taɓa taka gidansu. Ta ce in raka su gaisuwar mutuwa, in yi musu tafinta.

Abu Yunus ya buɗe mana, ya tsaya yana kallon kwanukan kamar bai gane ba. Aka shigar da su wurin tsohuwar. 'Yar ƙaramar mace ce, tana zaune a kan tabarma da carbi, ba ta jin Larabci balle Hausa. Muka tsaya a bakin labule ni da shi, a kan Hajiya ta faɗa mini, in faɗa masa, ya faɗa wa uwarsa. Hajiya ta zauna dab da ita ta ce, "Sannu, 'yar'uwa. Ya haƙuri?" Na buɗe baki zan juya, sai na ga tsohuwar ta riga ta kama hannunta da hannu biyu, tana magana da yarensu, hawaye na zuba. Hajiya tana cewa, "Haka ne. Haka ne. Allah ya ji ƙansu." Tsohuwar ta ci gaba, Hajiya tana amsawa.

Na ce, "Hajiya, bari ya faɗa mini abin da take cewa."

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Habu, ja mana labulen nan, ku je waje ku sha shayi. Wannan ba aikinka ba ne."

Muka fita muka zauna a kan matakala, ni da Abu Yunus, ya aika aka kawo shayi. Ba su fito ba sai da aka kira azahar.